Filafilin Kirya

Har yau in na ji mutum yana yabon abu wai mai ƙarko ne, sai raina ya ɓaci. Ƙarko! Dutse ma ai ƙarko gare shi, amma ban taɓa ganin wanda ya yi matashin kai da shi ya tashi yana godiya ba. A gidanmu ƙarko ake bauta wa bayan Allah, kuma ni ne na biya kuɗin wannan bauta da ƙuruciyata.

Mu manoma ne a Madarunfa, tun kaka da kakanni. Tafki yana nan gabanmu, muna jin ƙarnin kifi in iska ta juyo, amma babu wanda ya taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwa a zuriyarmu. Baba shi ne mai gandu, kuma dokarsa ɗaya ce: duk wani kayan aiki na gandu ne, ba na mutum ba. Saboda haka kowace ƙota da za a sassaƙa, ta hauya ce ko ta gatari ko ta galma, da jikin Yaya ake auna ta, tunda shi ne babba kuma shi zai gaji gidan. Yaya dogo ne, hannuwansa har gwiwa. Ni kuwa guntu ne, haka Allah ya yi ni. Tun da na fara noma ban taɓa riƙe ƙotar da ta yi daidai da ni ba. In na yi ƙorafi sai Baba ya ce in yi haƙuri, girma zan yi. Na yi gemu ina jiran girman nan, bai zo ba.

Kawuna, ƙanen Inna, masunci ne. Ba ya salla, al'adar kakanninsa yake bi, kuma Baba bai taɓa kiran sa da wani abu ba sai arnen nan, ko da a gaban Inna. Wurinsa na koyi ruwa. Da farko a kan gora ya ɗora ni, irin babban duman nan da masunta ke kwanciya a kai ruf da ciki suna tuƙi da hannu. Na sha ruwan tafki har cikina ya yi tulu, yana tsaye yana dariya. Da na saba, ya sa ni cikin ƙaramin jirginsa, tsoho ne, duk faci, amma mai faɗin ciki, ba ya saurin kifewa. Ya ba ni filafilinsa, wato itacen tuƙi mai faffaɗan kai. Marar nauyi ne, in ya kuɓuce maka sai ka gan shi yana yawo a kan ruwa yana jiran ka. A cikin jirgin nan ne na fara sanin cewa ashe akwai aikin da gajarta ba ta hana mutum. Wallahi na so ruwa fiye da yadda na so tuwo.

A zamanin nan Nasara sun matsa a kan noman gyaɗa, ga lanho, wato haraji, ba ya jira, ga hatsi bai yi ba shekaru a jere. Baba ya lura gidan Kawu ba a kwana da yunwa, busasshen kifi yana tafiya kasuwar Maraɗi kamar ana rabawa kyauta. Inna ta yi ta lallaɓa shi, har ya yarda in shiga sana'ar su, kamun kifi. Ya ce in har sarkin ruwa ya ba ni gurbi, to na fita daga gandu, in riƙa kawo wa gida rabo, sauran nawa ne, in kafa gidana. Ranar ban yi barci ba don murna. Ni da tun da na yi wayo Yaya ke nuna mini kuyyar da zan fara nomewa a gona da wadda zan tsaya, yau ga ƙofa ta buɗe.

Amma gurbi a tafki ba a ba da shi da baki. Bayan kaka akan rufe ruwa, ba jirgin da ke shiga, har ranar da sarkin ruwa zai buɗe. A ranar, duk sabon shiga sai ya zo da jirgin gidansu da filafilinsa, ya tuƙa shi kaɗai ya kewayo wata itaciyar giyayya da ke tsaye a tsakiyar ruwa, ya dawo gaɓa. Ba a ɗaure filafili da igiya, hannunka ne igiyarka. Kawu ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce in jirgi ya kife da mutum ba komai ba ne, a yi masa dariya, baɗi ya sake gwadawa. In ya kasa kaiwa ma haka. Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa: ruwa ya haɗiye filafilin mutum. Filafili ba ya nutsewa, kowa ya sani, saboda haka in ya nutse, iskoki masu ruwa ne suka karɓe shi daga hannunka, sun ce ba su son ka. Wanda aka yi wa haka ba a sake gwada shi har ya mutu. Ya ce shi dai a rayuwarsa labari kawai ya ji, bai taɓa gani ba.

Kawu ya zo gida da kansa, ya durƙusa, ya ce zai ba ni tsohon jirginsa kyauta, ya zama na gidanmu, in fara da shi. Sabon shiga, in ji shi, ƙaramin jirgi yake so, mai faɗin ciki, wanda zai iya juyawa da ƙarfin kansa. Baba ya saurare shi yana sakace, ya ce ɗansa ba zai fara sana'a da ragowar wani ba, balle abin da aka yi wa yanke-yanken kaji. Inna tana bayan danga tana ji. Ranar tuwo ya yi gudaji.

Akwai wani babban maɗaci a gonarmu ta hanyar Gabi, kakan Baba ya tarar da shi. Shi aka sare. Aka kira masassaƙi, wani dattijo mai yi wa masunta jirage. Ya kewaya gungumen, ya ce a raba shi biyu, a fitar da ƙaramin jirgi daga gindin, sauran a yi turame. Baba ya ce ina! A raba wannan itace? Jirgi ɗaya za a yi, tsawon gungumen duka, wanda zai ɗauki buhunan gyaɗa, ya ɗauki iyali, jikoki su gaje shi. Masassaƙi ya ce to wa zai tuƙa, wannan ai aikin mutum uku ne. Baba ya nuna ni da haɓa, ya ce zai saba. Dattijon ya dube ni, ya dubi gungumen, ya tofa yawu a tafi ya ɗauki gizago. Shi me ya dame shi, aikin da aka sa shi zai yi.

Na yi magana, kada a ce ban yi ba. Na ce Baba, dogon jirgi iska ke kama shi a gefe, ni ban kai in juya shi ba. Kafin ya amsa Yaya ya riga shi, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kai jama'a! Mutumin da bai taɓa jiƙa wandonsa a tafki ba, shi ne ya hango mini ruwa. Na haɗiye maganata, don a gidanmu in Yaya ya yi karin magana an rufe shari'a.

Duk da haka, jirgin zan iya fama da shi. In ya gagare ni, baɗi ma shekara ce. Filafili ne ya kashe ni.

Masassaƙi ya ce a cire shi daga reshen maɗacin nan, ya bushe, ya yi sauƙi a hannu. Baba ya ce a'a, maɗaci na tsagewa, in an jingine shi a zaure gara ta taɓa shi. Yana da wani guntun kirya da ya ajiye tun tuni don taɓarya, zuciyar itace ce, ja wur, gatari ma tsalle yake yi a kanta. Da ita za a yi. Kirya, in ji Baba, ko shekara nawa ta yi a ƙasa gara ba ta cin ta. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ban san ranar da gara ta koma zama cikin tafki ba.

Da aka zo awo, na matso na tsaya. Baba ya ɗaga mini hannu, ya kira Yaya. Filafili kayan aiki ne, kayan aiki na gandu ne. Yaya ya miƙe tsaye yana murmushi, aka ɗora kara daga ƙasa zuwa haɓarsa, aka karya. Ina tsaye a gefe kamar wanda ya zo kallo. Da aka gama sassaƙa shi na jingina shi da jikina, ya wuce kaina. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, wuyan hannuna ya amsa.

Kawu ya ji labari ya zo da gudu-gudu. Bai yi dogon surutu ba. Ya tsinci ɓaren kiryar daga inda aka yi sassaƙa, ya je ga randar da ke tsakar gida, ya jefa. Muka leƙa. Ya tafi ƙasa kai tsaye, ko waiwaye bai yi ba. Kawu ya ce wa Baba ya gani da idonsa, ya tuna masa dokar ruwa, ya roƙe shi don darajar 'yar'uwarsa a sake wani. Baba ya leƙa randar shi ma, ya daɗe yana kallo, har na sa rai. Sai ya ɗago.

"To wa ya ce ya saki? Ya riƙe da kyau mana. Namiji ne."

Ya juya ga Inna ya ce a zubar da ruwan randar nan, an sa masa hannu.

Na yi ƙoƙarin kankare shi a ɓoye da wuƙa, ko ya rage nauyi. Wuƙar ce ta dakushe. Yaya ya kama ni a bayan rumbu, ya kai ƙara wai ina lalata kayan gandu, aka ɗauke filafilin aka sa a ɗakin Baba. Na ce to a bar ni in gwada jirgin ko a wani kududdufi kafin ranar, aka ce ba a gama cirar gyaɗa ba, ba hannun da za a ɗaga. Kafin a gama an rufe ruwa. Ranar buɗe tafki ita ce ranar da na fara zama cikin jirgin nan.

Da hantsi aka taru a gaɓa, gari kaf, har da mutanen Safo da Sarkin Yamma da suka zo sayen kifi. Samari da yawa ne suka kama jirginmu kafin ya kai ruwa. Mutane suka yi ta yaba shi, manoma ke nan, suna shafa gefensa suna cewa wannan ai sai gidan wane. Masunta kuwa kallon juna kawai suka yi. Baba ya sa babbar rigarsa. Inna ta ba ni ƙwaryar kwashe ruwa, Kawu ya ɗaura mini gora a cikin jirgin saboda tsaro. Da ya sunkuya yana ɗaurawa ya ce mini a hankali, in na ga ba zan iya ba, in rungume filafilin in kifar da jirgin da gangan, in kama gora, a yi mini dariya a wuce wurin. Na ce to. Amma a raina na ce ba zan ba Yaya wannan dariyar ba.

Sabbin shiga biyu suka riga ni, cikin 'yan ƙananan jiragensu, suka je suka dawo ana guɗa. Sarkin ruwa, wani tsoho mai jan ido, ya nuna ni da sandarsa.

Farkon tafiyar ba laifi. Kusa da gaɓa ruwa a kwance yake, jirgin in ya ɗauki hanya tafiya yake yi sumul. Har na ji ana cewa madalla. Amma kowane tuƙi sai na ɗaga hannu sama da kaina saboda tsawon abin, in na tsoma shi kuma nauyinsa ya ja ni gaba. Kafin in yi rabin hanya kafaɗuna sun fara wuta. Da na fita daga inuwar itatuwa iska ta same ni. Ba wata babbar iska ba ce, a jirgin Kawu ko kula ta ba zan yi ba. Ta kama dogon hancin jirgin ta juya shi gefe. Na tuƙa ta dama, ya ƙi. Na koma hagu, ya zarce. Na yi ta kewaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke, giyayya tana gabana ina ganin har tsuntsayen da ke kanta.

Na tuna maganar Kawu. Na dubi goran. Sai na ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya, in na juyo hancin, iskar da kanta za ta kai ni. Na durƙusa a kan gwiwa, na miƙa filafilin can nesa, na ja da duk ƙarfin da ya rage mini. Kirya in ta jiƙe santsi gare ta, tafukana kuma sun riga sun mutu. Jirgin ya karkata, na kai hannu ɗaya in dafa gefe, ɗayan hannun ya kasa shi kaɗai.

Bai ko yi ƙara ba. Na ga jan itacen nan yana tafiya ƙasa a tsaye, a hankali, ruwa yana rufe shi. Na faɗa bayansa. Na nutsa na lalubo, na fito na shaƙi iska na koma, na koma, har hancina ya fara jini. Laka kawai nake damƙowa. Ina cikin ruwan ina jin gaɓa ta yi tsit, ba dariya, ba guɗa. Da ma dariyar aka yi.

Kawu ne ya zo ya ciro ni, ya jawo jirgin da igiya. Bai dube ni ba har muka iso. Ya je gaban sarkin ruwa ya durƙusa, ya yi bayani, ya ce kirya ce, kirya ko yaro ya san ba ta iyo, laifin itace ne ba na mutum ba. Tsohon ya ji shi har ƙarshe. Ya ce shi ma ya san kirya. Amma wa ya sa a zuciyar mutanen gidan su zaɓi kirya, duk itacen da ke daji? Ruwa yana da hanyoyin da yake ƙin mutum, wannan ɗaya ce daga ciki. Ya ce in je in yi noma, Allah ya ba da sa'a.

Na zo gaban Baba ina ɗigar ruwa, jini a leɓena. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ina filafilin?"

Abin da ya tambaya ke nan. Na ce yana ƙasa. Ya girgiza kai ya ce an yi asarar itace mai kyau, ya tattara rigarsa ya wuce. Yaya ya dafa kafaɗata, wai in yi haƙuri, guntu, dama ruwa ba namu ba ne, gobe akwai ɗaukar kara.

Na koma gandu. Me zan yi? Na ci gaba da noma da ƙotar Yaya. Da rani nakan tsallaka Najeriya ci-rani, in yi dako, in yi tallar ruwa da tulu a kafaɗa, in dawo da ɗan abin da na samu in zube gaban Baba. Aure ma sai da aka ga dama aka yi mini, a ɗakin da aka ga dama. Hanyar tafki na daina bi. In aiki ya kai ni wajen, nakan zagaya ta bayan gari, don ba na son in ga waɗanda muka gwada tare suna shanya taru a ƙofar gidajensu. Jirgin kuwa ba masuncin da ya taya, ya yi musu girma. Baba ya sa aka ja shi bakin rijiya, ya zama komin shayar da shanu. Kullum na je ban ruwa sai na cika shi da guga, ni da kaina.

Inna ta rasu ba ta sake zancen ba, sai sau ɗaya, tana tsinke zogale, ta ce da ta sani da ta jefa kiryar nan a murhu tun tana guntun itace. Kawu ma ya bi ta ba da daɗewa ba. Ya bar mini filafilinsa, yana nan rataye a ɗakina, ban taɓa tsoma shi a ruwa ba.

Bayan shekaru masu yawa aka yi wani fari, gulbi bai kawo ruwa ba, tafki ya ja baya har giyayyar nan ta tsaya a kan busasshiyar laka, awaki na kiwo a gindinta. Lokacin ina da furfura a gemu, Baba ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, Yaya ke riƙe da gandu. Wata rana da la'asar ɗan Kawu ya yi sallama, ɗauke da wani dogon abu a kafaɗa. Ya ce suna haƙar laka neman gaiwa suka ci karo da shi, ya gane shi, ya ga bai kamata ya bar shi can ba. Ya ajiye a tsakar gida.

Ya yi baƙi, shi ke nan abin da ya same shi. Ba tsaga, ba ruɓa. Har 'yan alamun wuƙar da na yi masa a bayan rumbu suna nan. Na ɗauke shi na tsayar kusa da jikina, ban san dalili ba. Har yanzu ya fi ni tsawo.

Baba yana kan tabarma a inuwa, ya ji motsi ya tambaya mene ne. Yaya ya gaya masa. Ya ce a miƙo. Aka ɗora masa a cinya. Ya bi shi da tafukansa tun daga kai har ƙarshe, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci ya sansana. Ina tsaye ina kallon fuskarsa. Ba zan ɓoye ba, na jira. Na ce tsufa ya zo, kabari ya matso, wataƙila yau zai faɗi kalma ɗaya, ko da a kaikaice, in ɗauka in riƙe. Sai na ga bakinsa ya buɗe, fuskarsa ta washe, irin farin cikin da na daɗe ban gani gare shi ba.

"Kun gani ko? Duk shekarun nan cikin laka, ko gezau. Na faɗa muku kirya ce, kuka tsaya gardama."

Yaya ya ce wallahi kuwa, Baba. Ya karɓe shi ya juya, ya ce in an yanke faffaɗan kan zai yi ƙotar galma mai kyau, dama tasa ta tsage. Bai ma buƙaci awo ba.

Lokacin ban ruwa ya yi. Na ɗauki guga na tafi rijiya, shanu na jira a bakin jirgi.